"Faks Ɗinka Bai Shigo Ba": Sau Da Yawa Mashin Lafiyarsa Lau

Ɗan ci-rani a Faransa ko Abijan ya biya kuɗi an tura masa takardar wakilci zuwa wani biro a Damagaram, an miƙa masa ƴar takardar shaida mai ɗauke da OK. Ƙanensa ya je karɓa, aka ce ba a ga komai ba, ya dawo gobe. Goben nan takan kai mako guda, kuma wani lokaci maganar fili ce ko ta gado ke jira.

OK ɗin nan shaida ce kawai cewa mashin na can ya karɓi saƙon. Bai nuna an buga shi a takarda ba. Idan takarda ko tawada ta ƙare, yawancin na'urorin faks suna ajiye saƙo a cikinsu har a zuba sabuwa, wasu tsofaffin kuwa da an ɗauke wuta sai abin da suka ajiye ya goge. Ga yadda wuta ke zuwa tana tafiya a Maraɗi da Tawa cikin watan Afrilu da Mayu, barin mashin ba takarda sakaci ne babba.

Akwai kuma birorin da faks da talho ke kan layi ɗaya. Sakatare ya ɗaga, ya ji ƙara kamar ta gyare, ya ajiye, alhali maɓallin karɓa kawai zai danna. Da an saita mashin ya riƙa amsawa da kansa, da ba a yi wannan asarar ba.

Kafin a ce mashin ya mutu, akwai gwajin minti ɗaya: a sa wata takarda a yi kofi da shi. In kofin ya fito tsaf, matsalar tana wajen mai turawa ko a layi. Baƙin zane daga sama har ƙasa yawanci datti ne a gilashin na'urar mai turawa. Farin shafi kuwa, ko ya kifa takardarsa a baibai, ko an juya naɗin takardar nan mai santsi a nan gida, domin fuska ɗaya ce kawai ke ɗaukar rubutu. Ita wannan takarda zafi ne ke rubutu a kanta, zafi kuma shi ke cinye shi. Wanda ya karɓa ya yi fotokofi a ranar, kada ya adana ta a aljihu ya tarar da ita fari fat bayan ƴan watanni. Ƙurar hunturu ma tana sa robobin jan takarda su riƙa zamewa, tsumma mai ɗan laima ya isa.

Kiran ƙasar waje ya fi wuya, don da yawa ta intanet yake bi yanzu, faks kuma ba ya jure yankewar sauti. Rage gudu daga 14,400 zuwa 9,600 yakan taimaka, kuma mai turawa ya tabbata ya sa 227 kafin lambar mai farawa da 20.

Duk wannan bai kai a kira mai gyara ba. Biron da har yanzu yake neman faks, wajibi ne ya sa ma'aikaci ɗaya ya duba takarda, tawada da layi kowace safiya. Wanda ba zai iya ba, ya liƙa adireshin imel a ƙofa, ya rubuta a fili cewa yana karɓar takardun da aka turo ta nan.