Wa Ya Ke Ajiye Da Hirar 'Ya'yanmu?

Jama'a, duk wanda ya ratsa lungunan birni bayan sallar lisha, daga Mandawari zuwa Yakasai, ko ya tsaya wurin mai shayi a Ƙofar Mata, zai ga samari sun duƙufa a kan waya, suna ta ihu kamar ana rabon gado. Wasa su ke yi. Waɗansu PUBG, waɗansu Free Fire, waɗansu ƙwallo, har magidanta ma ba a bar su a baya ba, tun da ludo ta koma cikin waya. Abokin wasan yana iya zama a Gwale, yana iya zama a Ikko ko Alƙahira. Ana wasa ana hira, da baki da rubutu. A yi zolaya, a yi ashar, a taɓa tsadar shinkafa, a taɓa Gwamna, a taɓa Shugaban Ƙasa.

Mu dai ba mu da faɗa da wasa. Iyayenmu sun yi dara a ƙofar gida, kuma ba ƙaramar magana a ke saki a wurin dara ba. Amma hirar dara, in an tashi an share gurabun, iska ta tafi da ita. Ta waya kuwa sai ta bi ta cikin na'urar kamfani kafin ta kai kunnen aboki, kamfani kuma yana da littafi. To, abin da mu ke tambaya shi ne, wa ke riƙe da littafin nan, kwana nawa zai riƙe shi, wa kuma ke da ikon cewa a buɗe?

Mu da aikinmu ya ke riƙon littafi a ofishin jam'iyya mun san ko mene ne littafi. Rajistar mambobi in tana hannunmu, da ita mu ke kiran taro, da ita mu ke sanin wanda aka yi wa rasuwa mu je gaisuwa. In ta faɗa hannun wanda ba ya ƙaunarmu, ta zama jerin gidajen da za a bi ɗaya ɗaya. Rajistar ba ta sāke ba, hannun da ya riƙe ta ne ya sāke. Dattawan birnin nan sun ga wannan da idonsu. Bayan an kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, mutum nawa 'yan dokan En'e suka kama suka kai gaban alƙali saboda maganar da suka yi a kasuwa ko a zaure? A zamanin nan sai an nemi munafuki ya zauna cikin mutane, ya ji, ya kai fada, wani lokaci ya manta rabi, wani lokaci ya ƙara gishiri. Yau ba a bukatar munafuki. Na'ura ba ta mantuwa, ba ta kuma gajiya da saurare.

Amma kada a ce mun rufe ido ga ɗaya gefen. Masu cewa a ajiye hira suna da hujja, hujjar kuwa ba ta wasa ba ce. Cikin wasannin nan akwai ƙato mai gemu da zai sa wa kansa sunan yaro don ya yaudari 'yar mutane. Akwai ɗan damfara mai cewa turo kuɗi in sayar maka da makamin wasa, in an tura ya ɓace. Akwai mai yi wa yaro barazana har ya kasa barci. In uba ya kai ƙara aka ce masa babu ko kalma ɗaya da ta rage, ina shaidarsa? Kanawa kuma ba su manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Disamba 2021 aka kashe ba, wadda mai makarantarsu ya nemi kuɗin fansa a kanta, aka yanke masa hukuncin kisa a Yuli 2022. Duk wanda ya ji zafin wannan ba zai so a ɗaure hannun mai bin sawun mugu ba. Mu ma ba ma so.

Saboda haka kamfanoni suka fara saurare. Kamfanin Riot, mai wasan Valorant, ya soma ɗaukar muryar 'yan wasa a Amurka ta Arewa a 2022. Masu Call of Duty kuma a 2023 suka sa wata na'ura mai sauraron hirar baki tana tsamo masu zagi. Amma ga abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi, don kuwa ku kun san bambancin mai auna mudu da mai kwashe buhu. Kamfanin Sony, da ya fito da PlayStation 5 a 2020, ya shirya na'urar ta riƙe minti biyar na ƙarshe kurum na hira, in an zage ka ka yanko daƙiƙa 40 ka aika ƙara, sauran ya shuɗe. Xbox ma a 2023 ta ba ɗan wasa damar yanko daƙiƙa 60, in bai aika ƙara ba abin ya goge. Watau ashe ana iya kama mai laifi ba tare da an tara maganar duniya duka a rumbu ba. Wanda ya ce sai an tara kome shekara da shekaru, to wata bukata ce da shi, ya fito ya faɗe ta.

Abin da aka tara kuwa, ba ya zama lafiya. A 2011 ɓarayin intanet suka fasa rumbun PlayStation, bayanin mutum wajen miliyan 77 ya shiga hannunsu. A Disamba 2013 takardun da Edward Snowden ya fallasa suka nuna 'yan leƙen asirin Amurka da na Ingila sun shiga wasanni irin su World of Warcraft, suna shigar 'yan wasa suna tattara hira. A 2023 hukuma a Amurka ta ci kamfanin Microsoft tarar dala miliyan 20, cikin laifinsa har da riƙe bayanin yara na tsawon shekaru, yaran da ba su ma gama buɗe rajistar Xbox ba. Kafin nan, a 2022, kamfanin Epic mai wasan Fortnite ya yarda ya biya dala miliyan 275 a kan sirrin yara, aka kuma tilasta masa ya bar hirar murya a rufe ga yara sai in an buɗe da gangan. Wannan fa a ƙasar da kamfanonin ke tsoron hukuma ke nan. Ina ga yaron Koki ko na Jakara, wanda ya danna "na yarda" a ƙarƙashin doguwar takarda ta Turanci da ko lauya sai ya sa tabarau?

Yanzu mu dawo gida, don nan gizo ke saƙa.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 37, ya ce sirrin ɗan ƙasa abin karewa ne, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Madalla. Amma a 2015 aka yi dokar laifuffukan intanet, sashe na 38 nata ya ce duk mai ba jama'a hanyar sadarwa ya ajiye bayanin masu hulɗa da shi har shekara biyu: wane ne, da wa ya yi magana, yaushe, daga ina. Gaskiya ne shekara biyun nan ba a kan ainihin kalmomin hira ta ke ba. Amma sashen nan dai ya ba jami'an tsaro ikon su ce a riƙe musu har da abin da aka faɗa, su kuma ce a miƙo musu bayanin da aka ajiye, bai kuwa ce sai sun nuna takardar alƙali ba. Ya ce su kula da sirrin mutum. To, wa zai duba ko sun kula? An ba kura ajiyar nama an ce mata ta ji tsoron Allah. An yi wa dokar gyara a 2024, amma shekara biyun tana nan daram. Turawan Turai sun taɓa yin doka mai kama da wannan, ta ajiya daga wata shida zuwa shekara biyu, babbar kotunsu ta soke ta a Afrilu 2014, ta ce ta wuce gona da iri.

Kada yaro ya ce ai da laƙabi na ke wasa, wa ya san ni? Tun Disamba 2020 Gwamnati ta ce a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa, lambar nan kuwa tana ɗauke da sunanka da hotonka da zanen yatsunka. In da layin ka shiga wasa, ko da shafinka na Facebook, to laƙabin rawani ne kurum, fuskar tana waje. Kuma ba Gwamnati kaɗai ce abin tsoro ba. A 2024 wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafuffukan da ke sayar da bayanin 'yan ƙasa a kan Naira 100. Hukumar katin ɗan ƙasa ta ce ba a fasa rumbunta ba. Mu dai mun ji farashin, bai kai kuɗin ƙullin gyaɗa biyu ba.

Wani zai ce, in ba ka yi laifi ba me za ka ji tsoro? Wannan maganar wanda bai taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba ce. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a nan Kano ta yanke wa samari biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda wasan barkwanci da suka yi a TikTok a kan Gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A watan nan dai aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja, saboda 'yar gajeruwar magana da ya rubuta a Twitter a kan uwargidan Shugaban Ƙasa na lokacin. Ku lura da kyau, a watan Yuni ya rubuta, a Nuwamba aka zo masa. Wata biyar maganar tana kwance tana jiransa. Daga baya aka janye ƙarar, bayan jama'a sun yi ca. Mun sani waɗannan a bainar jama'a suka yi maganarsu. Amma in abin da aka faɗa a fili da raha ya jawo bulala, yaya ke nan ranar da aka buɗe hirar shekara biyu ta samari masu zafin jini, waɗanda aka cinye su a wasa da ƙarfe ɗayan dare? Wane ne a cikinmu za a tara masa maganarsa ta shekara biyu a rasa abin da za a ɗaure shi da shi? Kuma ba ɗan attajiri za a ɗaure ba, shi ubansa zai buga waya. Ɗan mai tebur ne, ɗan dukawa da ɗan marina.

Akwai makami a hannunmu wanda yawancinmu ba su san da shi ba. A Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma. Dokar ta ce kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da a ke bukatarsa, ta ba mutum ikon ya tambayi abin da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a goge, ta ce in yaro ne sai da yardar iyaye. Ta hau kan kamfanin waje ma, muddin yana sarrafa bayanin mutanen da ke Nijeriya. Kada kuma a ce manyan kamfanoni sun fi ƙarfin a taɓa su, don a Yuli 2024 hukumar kare masu saye ta ƙasa ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. Ashe in an ga dama ana iyawa.

To, abin da mu ke nema ga wakilanmu da ke Majalisar Tarayya, waɗanda suka zo har rumfunanku suna roƙon ƙuri'a, shi ne su koma kan sashe na 38. Hirar wasa wadda ba wanda ya kai ƙara a kanta, a ganinmu kwana 30 ya ishe ta, a goge. Wadda aka kai ƙara a kanta, a yanke wurin laifin kaɗai a riƙe har a gama shari'a. Kada ɗan sanda ko wani jami'i ya karɓi ko layi ɗaya sai da takardar alƙali, mai sunan wanda a ke tuhuma da laifin da a ke tuhumarsa. Kowace shekara kuma a karanta wa Majalisa sau nawa aka nema, sau nawa aka bayar. Hukumar kare bayanai ita ma ta tilasta wa kamfanonin wasa su faɗa da Hausa, cikin layi uku ko huɗu, abin da su ke ɗauka da kwanakin da su ke riƙewa. Suna iya sayar wa yaro kayan wasa ya biya ta wurin mai POS na bakin titi, amma gaya masa gaskiya da harshensa ne ya gagare su?

Kafin Majalisa ta farka, akwai abin da ba ya jiran kowa. Yawancin hirar ba ta tsayawa cikin wasa, tana komawa zauren WhatsApp na 'yan wasan unguwa, inda kowa ke ganin lambar kowa. Can kamfani ya ce shi kansa ba ya iya karanta saƙo, amma ɗan zauren yana iya ɗaukar hoton maganarka ya kai inda ya ga dama. Shugaban zaure yana da ikon sa saƙonni su riƙa gogewa da kansu, bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Ya sa na kwana 7, ya kuma daina shigar da wanda ba a san wanda ya kawo shi ba. Wanda aka zalunta a zauren ya ɗauki shaidarsa nan take ya kai wa shugaba, kada ya jira. Ku kuma iyaye, in kun je Farm Centre saya wa yaro waya, kafin ku bar rumfar ku sa mai gyara ya nuna muku inda a ke rufe makirufo cikin wasan, da inda a ke hana baƙo aiko masa da saƙo. Haka nan in za ku sayar da tsohuwar waya, ku tsaya a goge ta ƙarƙaf a gabanku kafin ku karɓi kuɗi.

Ranar taron reshe mai zuwa za mu kawo takardar koke a kan sashe na 38, a karanta da Hausa kowa ya ji. Wanda ya yarda ya sa hannu, wanda ba ya rubutu ya dangwala. Sunayen masu sa hannu za su tafi ga wakilanmu tare da takardar, ba za mu bar kwafe a ofis ba.