Mu Zaga Duniya: Gadar Ajiyar Zuciya

Yau sai birnin Benis na ƙasar Italiya, garin da mota ba ta shiga tsakiyarsa, sai jirgin ruwa da ƙafa.

Babban dandalinsu shi ake kira San Marko. Kina shiga idonki zai fara sauka kan wata hasumiya mai tsawon kusan mita 99. Ta zube ƙasa warwas a 1902, suka sake gina ta sak yadda take, aka gama a 1912. Tattabaru kuwa ba a magana, amma kar ki kuskura ki watsa musu hatsi, an hana tun 2008, tara za a ci ki.

Ni dai abin da ya tsaya min a rai wata 'yar gada ce rufaffiya, a bayan tsohuwar fadar masu mulkin garin. Sunanta Gadar Ajiyar Zuciya. Masoya tururuwa suke yi su ratsa ƙarƙashinta a kwale-kwale, wai in suka wuce dab da faɗuwar rana soyayyarsu ba za ta taɓa mutuwa ba. Tabɗijam! Gadar nan fa ta fursunoni ce. A da ta cikinta ake tisa ƙeyarsu daga ɗakin tuhuma zuwa kurkuku, su leƙa ta 'yar taga su yi wa ruwa da sararin Allah kallon bankwana. Wallahi duk saurayin da ya ce min nan zai kai ni mu ƙulla alkawari, sai ya fara gaya min laifin da na yi masa.