Rakiyar Mai Bishara Sai Da Guzuri

Lokacin tsara kasafin kuɗin shekara ya sake zagayowa, kuma akwai abu guda da kullum yakan zo a layin ƙarshe, in ma ya shiga takardar, wato baburan masu bisharar da aka aika ƙauyuka. Muna roƙo a bana a dawo da shi sama.

Ba da jin labari muke wannan magana ba. Bayan ɗaukewar damina, mu huɗu, fastoci biyu da dattawa biyu, mun hau babura biyu daga Runjin Sambo bayan addu'ar safe, muka bi ta Kware da Gwadabawa muka nufi Illela, tafiyar kimanin kilomita 85, domin ziyartar wasu ƙananan ikkilisiyoyi. Ba za mu ambaci sunayen wuraren ba, dattawa sun san dalili. A kan kwalta babu wata wahala. Wahalar tana farawa ne daga inda aka sauka cikin rairayi, babur yana rawa, wanda aka goya ya sauko ya tura. Mai bisharar da ya tarye mu yana kula da wurare uku, wani wurin masu sujada ba su wuce gida biyar ba: malamin makaranta, ɗan kasuwa, manomi da iyalinsa. Da muka dubi Jincheng ɗinsa sai kowa ya yi shiru. Tayar baya ta suɗe, tif ɗin faci ne bisa faci, an ɗaure birki da waya, fitila kuwa ba ta kamawa. Hular kwano babu. Da wannan ne yake kai marar lafiya asibiti da dare, da shi ne kuma yake ɗauko fasto ranar Jibin Ubangiji.

A hanyar dawowa tayarmu ta yi faci. Mai facin da ke bakin hanya Musulmi ne, ya kuma san ko mu su wane ne. Ya gyara, ya ba mu ruwan randa, ya gaya mana kada mu bari magariba ta same mu a daji. Allah ya sāka masa da alheri.

To, me Littafi Mai Tsarki ya koya mana game da mai tafiya saboda bishara? A Luka sura 10 Ubangiji bai aiki almajiransa ɗai-ɗai ba, biyu-biyu ya aike su. A Romawa sura 15 Bulus ya sa rai ikkilisiyar Roma za ta raka shi zuwa Asbaniya. A Titus sura 3 ya umarta a sallami Zinas da Afolos yadda ba za su rasa kome a hanya ba, wasiƙar Yahaya ta uku ma ta yaba wa Gayus a kan irin wannan hidima. Kalmar Helenancin da ke waɗannan wurare ba ta tsaya ga ɗaga hannu a ƙofar gida ba, ta haɗa da abinci, da kuɗin hanya, wani lokaci har da abokin tafiya. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san rakiya, ya san guzuri, ya kuma san abin kunya ne baƙo ya bar gidanka hannu wofi. Yaya za a ɗora wa mutum hannu a gaban jama'a, a yi masa waƙa, sa'an nan a bar shi da tankin da babu mai?

Wani zai ce iyayenmu a bangaskiya da ƙafa da keke suka yi aikin nan. Gaskiya ne. Amma aikin jinyar kutare da mishan ɗin SIM ta kama a Amanawa a ƙarshen shekarun 1930, da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 can gaba da Birnin Ƙonni, ba su tsaya da ƙarfin waɗanda ke wurin kaɗai ba. Akwai ikkilisiyoyi masu nisa da suka riƙa aiko da baikonsu shekara da shekaru. Yau mu na birni ne muke a matsayin waɗannan.

Hanyar ma ba irin ta dā ba ce. Tun da 'yan bindiga suka mai da babur abin hawansu, baƙon da ya shigo gari a kan babur abin tuhuma ne, a shingen jami'an tsaro kuma sai ya yi bayani. A watan Satumba na 2021 an katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, waɗanda ke daji a lokacin ba su da hanyar sanar da kowa halin da suke ciki. Kafin 29 ga Mayu 2023 farashin hukuma na litar mai bai kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000. Dattawa su duba littafin ma'aji, su gani ko alawus ɗin mai bishara ya motsa gwargwadon haka.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Kowace ikkilisiyar birni ta ɗauki babur guda ta san shi kamar yadda ta san janaretanta: mai kowane wata, juyen baƙin mai, taya biyu da sarƙa a shekara. A saya wa kowane mai bishara hular kwano biyu, tasa da ta matarsa, na gaske, ba irin ƙoƙon da 'yan kabu-kabu suka riƙa kifawa a 2009 don su wuce jami'an kiyaye haɗurra ba. A ba shi katin shaida mai hoto da hatimin ikkilisiya. Inda hanya ke da haɗari kada ya tafi shi kaɗai, kuma in ya ce yau ba ta biyuwa, kada wanda ke zaune a inuwa ya kira wannan ƙarancin bangaskiya. Bulus da kansa a cikin kwando aka zurara shi daga garun Dimashƙu.

Muna kuma ba da shawara kowace majalisar dattawa ta zaɓi mutum guda da zai hau bayan babur ɗin mai bishararta, ya je ya kwana, ya yi sujada da su, kafin ranar zaman kasafi. Sakatarori su kawo jerin baburan da ke ƙarƙashinsu, da shekarar da aka sayi kowanne, da gyaran da yake jira.