Tsohuwar Mota Mai Shan Gas A Ƙasar Ƙanƙara

Can a arewacin Turai akwai wata ƙasa da a ke kira Finlan, arewacinta kuma a ke ce masa Laflan. Sanyin wurin nan ba irin wanda a ke maganinsa da bargo da kaskon wuta ba ne. Ƙanƙara ta kan rufe ƙasa wajen wata shida, a can ƙurya ma rana ta kan yi kusan wata biyu ba ta fito ba. A watan Janairu na 1999 ma'aunin zafi ya sauka har digiri 51.5 ƙasa da sifiri a wani ƙauye mai suna Pokka, a Janairun 2024 kuma an ga digiri 44 ƙasa da sifiri a Enontekiö. Sifiri shi ne inda ruwa ya ke daskarewa, sai mai karatu ya ƙiyasta sauran.

To, a wannan ƙasa akwai manoma da makiyaya, kuma dabba ba ta san an yi sanyi a ɗaga mata cin abinci ba. Dole a ɗauko dusa da gishiri, a kai maraƙi, a je nemo maganin saniya a garin da ke da nisa. Da yawansu da tsohuwar motar kaya mai shan gas su ke wannan aiki, gama mutanen Finlan ba su da saurin yar da mota: in an haɗa motocin ƙasar an raba shekarunsu, kowace ta wuce shekara 12. Kullum kuwa ba a rasa mai ba manomi shawara ya rabu da tsohuwa, ya ci bashi ya sayi sabuwa, wai gas da sanyi ba su ga maciji. Shawarar nan ba ta cika daidai ba. Manomin da ya riƙe tsohuwarsa ya fi gaskiya, muddin ya biya ta hakkinta tun kaka, kafin sanyi ya sauka.

Sai an san yadda injin gas ya ke kama wuta za a gane dalili. Injin fetur yana da fulogi mai ƙyasta wuta. Injin gas, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar a 1897, ba shi da wannan. Fistin ne ya ke matse iska a cikin silinda, a tsofaffin injuna har ya mai da ita wajen kashi ɗaya cikin 20 na girmanta, matsin nan ya sa ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sa'an nan a feso mai ya kama da kansa. Watau duk rayuwar injin a kan zafi ta ke. In ƙarfe ya kwana cikin digiri 30 ƙasa da sifiri, sai ya shanye zafin iskar kafin mai ya iso. Don haka a ka sa wa kowace silinda wani ɗan ƙarfe da makanikai ke kira hita, wanda batir ke gasawa ya yi jajawur kafin a tayar da inji. A tsofaffin motoci sai direba ya murɗa makulli rabi, ya dakata har 'yar fitilar nan ta mutu. Hita ɗaya in ta lalace cikin huɗu, da bazara ba mai lura. Ran da sanyi ya tsananta ita ce za ta hana mota tashi, alhali kuwa kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Amma babban abokin gaba shi ne man kansa. Kowa ya ga yadda manja da man shanu su ke barci a kwalba da hunturu. Haka man gas ya ke yi, domin akwai wani abu mai kama da kakin zuma narke a cikinsa. Sanyi na ƙaruwa sai man ya yi hazo-hazo, kakin ya fara fita ƙanana-ƙanana, su taru su toshe matatar mai. Muguntar abin ita ce ba lalle ya hana mota tashi a ƙofar gida ba. Ta kan tashi lafiya da ɗan man da ya rage a famfo, a yi tafiyar kilomita biyar ko goma, sa'an nan ta fara shaƙewa ta mutu a tsakiyar daji, inda ba gida gaba ba gida baya. Inji na mutuwa ɗumin cikin mota ya tafi, ga shi kuwa in iska na kaɗawa a irin wannan sanyi, fatar da ba a rufe ba ta kan lalace cikin rabin awa. A nan maganar ta wuce ta asarar kuɗi, ta zama ta rai.

Maganin wannan ba a ɓoye ya ke ba. A gidajen man Finlan gas iri-iri ne. Akwai na bazara, wanda ya kan fara hazo tun daga digiri 5 ƙasa da sifiri, akwai na hunturu, akwai kuma na can arewa wanda a ka tace shi ya jure har digiri 44. Wanda ya kan faɗa rami shi ne mai tsumulmula, wanda ya cika babban tankin gona da man bazara don ya fi araha, ya ce zai lallaɓa da shi. Irin wannan tattali shi ne a ke cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai hankali ya kan ƙarar da man bazara tun ganye na zuba, ya sake matata, ya tsiyaye ruwan da ya taru a gindinta, kuma ba ya barin tanki ya kwana da yunwa, don raɓa ta kan taru a jikin tankin da ba ya cike, ta gangara cikin mai ta zama ƙanƙara a bututu. Akwai magungunan da a ke zuba wa mai don kada ya yi barci, amma sai a zuba tun man yana garau. In ya riga ya daskare, sai dai a ja motar a kai ta ɗaki mai ɗumi a jira.

Dā can littattafan wasu tsofaffin motoci sun yarda a gauraya gas da kananzir in an matsu. Dabara ce ta fita kunya, ba ta kullum ba, gama kananzir ba shi da santsin da famfon mai ke bukata.

Batir ma sanyi ya kan raba shi da wajen rabin ƙarfinsa, daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri kamar tuwo inji ya yi nauyin juyawa. Abin mamaki, batir cikakke ruwansa ba ya daskarewa sai an wuce digiri 50 ƙasa da sifiri, wanda ya sauka kuwa tun kafin digiri 10 ya kan daskare ya fashe. Baƙin mai kuma lambarsa ta faɗi halinsa: mai 15W an gwada shi a digiri 20 ƙasa da sifiri, mai 5W a 30, mai 0W a 35. Lagireto ba a zuba masa ruwa zalla, domin ruwa in ya daskare ya kan kumbura da wajen kashi 9 cikin 100, ya tsaga gangar inji kamar yadda a ke fasa goro. Rabi ruwa rabi maganin daskarewa ya kan kai mutum wajen digiri 37.

Sai wata dabara wadda ta fi duk sauran daraja. Wani injiniyan lantarki a Amurka, Andrew Freeman, mutumin jihar Dakota ta Arewa, ya ƙago wani ƙarfe mai ɗumama ruwan inji da wutar lantarki, a ka ba shi takardar mallakar fasahar a 1949. Yau a Finlan da Kanada za a ga turaku jere a wuraren ajiye motoci, kowane da wurin sa waya, sai ka ce turken dawaki. Awa biyu ko uku kafin fita sun isa. Injin da a ka ɗumama haka ya kan tashi kamar da bazara, bai ci batir ba, bai ci ƙarfensa ba. Inda babu lantarki akwai ƙananan murhu masu shan gas ɗin motar, irin na kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus. A Yakutsk ta ƙasar Rasha, inda digiri 40 ƙasa da sifiri ba labari ba ne, wasu direbobi su kan bar inji yana aiki dare da rana don tsoron kada ya ƙi tashi. A Finlan doka ta hana barin mota tana aiki a tsaye fiye da minti 2, ko minti 4 in sanyi ya wuce digiri 15. Dokar nan ma taimakon injin ta yi, domin injin gas ba ya yin zafi sosai a tsaye, sai dai ya tara baƙi. Gara a tashi a hankali a yi ta tafiya, a toshe hancin motar da kwali ko fata don iska kada ta yi wa lagireto yawa.

Mai karatu zai ce, to duk wannan wahala, sabuwar mota ba ta raba mutum da ita ba? Gaskiya ne sabuwa ta fi saurin tashi, ta fi ƙarancin hayaƙi, kuma hayaƙin tsohon injin gas cuta ne ga huhu, ba mai musun wannan. Amma man da ya yi barci a tankin tsohuwa shi ne zai yi barci a tankin sabuwa, batir ɗinta ma bai fi ƙarfin sanyi ba. Ga kuma nata laluran. Tun daga 1997 a ka fara sa wa ƙananan motoci wata hanyar feshin mai da matsi mai tsanani wadda kwamfuta ke sarrafawa, ba ta haƙuri da ruwa ko kananzir ko kaɗan. Akwai matatar hayaƙi a salansa wadda ta kan toshe in gajeriyar tafiya a ke yi kullum cikin sanyi, irin ta gida zuwa gona. Akwai wani ruwa mai suna AdBlue da a ke zuba wa sababbi don tsabtace hayaƙi, shi kuwa a digiri 11 ƙasa da sifiri ya ke daskarewa, sai da a ka yi masa nasa abin ɗumamawa, wanda shi ma ya kan lalace. Tsohuwa in ta shaƙe, manomi da sifana da sabuwar matata a aljihu ya kan iya tayar da ita a bakin hanya. Sabuwa sai an ɗauke ta an kai wa mai kwamfuta, a Laflan kuwa yana iya zama tafiyar kilomita 100 ko fiye, ga bashin banki yana jira ƙarshen wata ko mota ta fita ko ba ta fita ba.

Abu biyu ne kaɗai in sun kama tsohuwa ya kamata a haƙura da ita. In zoben fistin ya cinye har inji ba ya matse iska yadda ya kamata, babu hita ko waya da za ta cece shi, sai gyara babba, makaniki kuma yana da ma'aunin da zai gwada wannan cikin awa guda. Na biyu tsatsa. A manyan hanyoyin ƙasashen sanyi gishiri a ke watsawa don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa cin ƙarfe ya ke yi daga ƙasa, har bututun birki. Motoci da yawa a can tsatsa ce ke kashe su inji yana da sauran ƙarfinsa.

Labarin nan bai yi nisa da manomin ƙasar Hausa ba kamar yadda a ke zato, domin irin motocin nan ne su ke ƙarewa a hannunsa. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, Afirka ce kuma ta fi kowa karɓa. Su ne 'yan Beljiyam da a ke saukewa a Kwatano da Ikko. J5 ɗin nan mai jigilar tumatir da albasa, wadda kamfanin Peugeot ya fara ƙerawa a 1981, a hanyoyin Turai ta fara rayuwarta.

Ba wanda gas zai daskare masa a Kano ko Maraɗi. Amma a Jos sanyin asuba ya kan sauka ƙasa da digiri 10, wannan kuwa ya isa ya tona asirin mataccen hita da gajiyayyen batir. Maimakon a sake su, sai a ga an hura wuta a ƙarƙashin inji, ko an jiƙa tsumma da fetur an kanga a bakin da ke shan iska. Wutar ta kan cinye roba da waya, wani lokaci da motar ɗungum. Fetur kuwa ya kan kama tun fistin bai kai inda ya kamata ba, ya doke shi da ƙarfi, in hita na da zafi ma yana iya fashewa a fuskar mai riƙe da tsumman. Haka nan ɗan ƙarfen nan mai tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin wajen digiri 80, wanda makanikai da yawa su ke cirewa su yar wai na ƙasar Turawa ne. Ba don ƙanƙara kaɗai a ka sa shi ba. Injin da ke aiki da sanyi ya fi shan mai, ya fi hayaƙi, ya fi saurin cinyewa. In mota na zafi, a wanke lagireto a duba fanka.

Wanda kuma zai sayi 'yar Beljiyam don aikin gona, kada fenti ya ruɗe shi. Ya je da sassafe tun ba a tayar da ita ba, ya taɓa inji ya tabbata da sanyinsa, ya ga yadda za ta tashi. Sa'an nan ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashinta da sukundireba, ya caccaki ƙarfen da ke ɗauke da ita, musamman wajen ƙafafun baya inda gishiri ya fi zama.