SHARHI: Kafin 2027, wa ke da ikon taɓa manhajar zaɓe, kuma yaushe?

Duk lokacin da aka tayar da zancen tura sakamakon zaɓe ta intanet, abin da ake fara jefa wa mutanen Ngaski da Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji shi ne rashin sabis. Masu adawa da wajabta tura sakamakon sukan buga misali da irin waɗannan yankuna, su ce ta yaya jami'in da ya tsallaka ruwa cikin kwale-kwale zai aika hoto daga inda ko kiran waya ba ya shiga? Matsalar sabis gaskiya ce. Sai dai abin da ya durƙusar da shafin IReV ranar 25 ga Fabrairu 2023 daga cikin manhajar ya fito, kuma hukumar INEC da kanta ta faɗi haka a rahoton da ta fitar cikin Fabrairu 2024.

A ranar, sakamakon zaɓen sanatoci da na 'yan majalisar wakilai ya riƙa hawa shafin, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi. Na'urar BVAS ɗaya ce, a rumfa ɗaya, da sabis ɗaya. Bayanin hukumar shi ne an tsara rumbun ta yadda kowace takardar sakamako za ta nemi mazauni a ƙarƙashin wata jiha. Kujerar sanata da ta ɗan majalisa kowace tana da jiharta. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa mazaɓarsa Najeriya ce baki ɗaya, don haka manhajar ta rasa inda za ta ajiye takardar, ta riƙa mayar da ita. Injiniyoyi suka shiga yi mata faci ana tsaka da ƙirga ƙuri'a, kuma takardar farko ta zaɓen shugaban ƙasa ba ta hau ba sai ƙarfe 8:55 na dare. Kafin lokacin jami'ai da yawa sun bar rumfunansu sun nufi cibiyoyin tattara sakamako.

Irin wannan kuskure gwaji guda ya isa ya tona shi, muddin an gwada abin da za a yi ranar zaɓen tun daga farko har ƙarshe. An soma amfani da IReV ne a zaɓen cike gurbi na jihar Nasarawa cikin Agusta 2020, ya kuma yi suna a zaɓukan gwamnan Ekiti da Osun a 2022. Dukkansu zaɓuka ne na cikin jiha ɗaya. Gwajin tantance masu zaɓe da aka yi a rumfuna 436 ranar 4 ga Fabrairu 2023 ma ya wuce bai bankaɗo matsalar ba. Haka nan zaɓen cike gurbin kujerar Yauri/Shanga/Ngaski na 3 ga Fabrairu 2024, ko da kowace takarda ta hau lafiya, ba ya nuna komai game da hanyar da sakamakon shugaban ƙasa zai bi.

Wanda yake ganin abin ya tsaya kan INEC, ya tuna jarrabawar JAMB ta 2025. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas ya gurɓata. An yi wa manhajar gyara, gyaran bai sauka daidai a kan wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke raba jarrabawar ba, kuma ba a gane ba sai da aka saki sakamako jama'a suka yi ca. Ɗaliban Kebbi ba sa cikin waɗanda abin ya shafa, amma babu wata dabarar da ta tsare su in ban da cewa kuskuren ya faɗa wani ɓangaren.

Abin mamaki, labarin kusan kwafi ne na abin da ya faru a kasuwar hannun jari ta Amurka ranar 1 ga Agusta 2012. Kamfanin Knight Capital ya ɗora sabuwar manhaja a kan manyan kwamfutocinsa bakwai, aka manta ta takwas, kuma babu mutum na biyu da ya duba aikin. Cikin kusan minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440. Bambancin shi ne can akwai mai sa ido: hukumar kula da kasuwar ta binciki yadda aka saki manhajar dalla-dalla, ta wallafa abin da ta gano, ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12.

Ƙa'idojin da ake bi a wuraren da doka ke sa ido ba wani sihiri ba ne. Wanda ya rubuta gyara ba shi ne zai amince da shi ba, kuma ba shi kaɗai zai ɗora shi ba. Kowane canji yana da rajista mai ɗauke da sunan wanda ya nema, da wanda ya gwada, da wanda ya sa hannu, da lokacin. Bayan an ɗora, akan bi kowace kwamfuta a tabbatar sigar da ke kanta ita ce aka amince da ita, wanda shi ne matakin da ya kuɓuce wa JAMB da Knight Capital. Akan saki gyara kashi-kashi, a fara da 'yan na'urori a ga yadda suka karɓe shi. Kamfanin CrowdStrike ya tura nasa ga kowa a lokaci guda ranar 19 ga Yuli 2024, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka tsaya cak, har da na filayen jiragen sama da asibitoci. Sannan idan babbar rana ta matso akan kulle manhajar, babu mai taɓa ta sai da izini na musamman a rubuce.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi shafar siyasa. Facin da aka yi wa IReV a daren zaɓe mai yiwuwa da kyakkyawar niyya aka yi shi, amma wakilin jam'iyya da ke Wara ba shi da hanyar sanin abin da aka canza, ko wanda ya ba da umarni. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 26 ga Oktoba 2023 cewa IReV ba wurin tattara sakamako ba ne, kuma gazawarsa ba ta soke zaɓe. Ta fuskar shari'a magana ta ƙare, amma zargin bai bar zukatan matasan da suka yi rajista saboda alkawarin ganin takardar rumfarsu a waya ba. Tun daga nan aka fi ƙarfafa muhawara kan kalmomin doka, ko a wajabta turawa ko a bar wa hukumar zaɓi. A ganina ko an rubuta wajabcin da manyan baƙaƙe, manhajar da ba a gwada ba za ta iya sake faɗuwa.

Farfesa Joash Amupitan, wanda ya karɓi shugabancin INEC cikin Oktoba 2025, yana da abubuwan da zai iya yi ba tare da jiran majalisa ba. Ya bayyana ranar da za a kulle manhajar BVAS da ta IReV. Ya shirya gwajin da za a tura takardun zaɓuka uku a lokaci guda, har da na shugaban ƙasa, a gaban jam'iyyu da masu sa ido. Kuma rumfunan gwajin su haɗa da na bakin ruwa irin na Ngaski da Shanga, domin a nan ne za a ga ko hoton da na'ura ta ajiye saboda rashin sabis yana tafiya da kansa idan jami'in ya iso Wara ko Yelwa, da kuma awa nawa yake ɗauka. Idan kuma dole ta sa a yi faci ranar zaɓe, a sanar da wakilan jam'iyyu a take, a wallafa rajistar canjin kafin a bayyana wanda ya yi nasara.