Rumbun Tarayya A Intanet: Wa Ke Zubawa, Wa Ke Ɗiba?

Duk wanda ya taɓa shiga adashi a Sabon Ibadan ko Agege ya san abin da ke kashe shi, watau mutumin da ya kwashi nasa ya daina zubi. Irin wannan rigima ce ta daɗe tana damun masana kwamfuta game da tsarin nan na musayar fayiloli tsakanin jama'a kai tsaye, inda babu wata babbar ma'ajiya guda. Kowace kwamfuta da ta shiga takan ba da aron wani sashe na cikinta ta ajiye wa mutane kaya, ita ma ta ɗebo daga wurin wasu.

Tun cikin 2000 aka ga alamar ciwon. Masana biyu na kamfanin Xerox a Amurka, Eytan Adar da Bernardo Huberman, sun bincika tsarin Gnutella, suka tarar kusan kashi 70 cikin 100 na masu amfani da shi ba su ba kowa komai, ɗiba kurum suke yi.

Da Bram Cohen ya fito da BitTorrent a 2001, sai ya kafa shi bisa ba ni gishiri in ba ka manda: kwamfutarka takan fifita wanda ke turo mata. Dabarar ta yi aiki, amma iyakarta lokacin da ake saukar da fayil. Da mutum ya gama samun nasa, babu abin da zai tilasta masa ya ci gaba da riƙe wa na baya. Ranar da mai riƙo na ƙarshe ya rufe kwamfutarsa, fayil ya mutu ke nan.

To, babbar maganar ita ce wuri, domin ko wane rumbu yana da iyaka. A tsarin Freenet, wanda Ian Clarke ya soma a 2000, kuma aka sake masa suna Hyphanet a 2023, idan ma'ajiya ta cika akan zubar da abin da aka fi daɗewa ba a nema ba. A takarda wannan adalci ne, tun da ba a duba fuskar kowa. Amma fa a aikace, fim ɗin da dubbai ke rububinsa yakan bazu ko'ina, shi kuwa tsohon faifan waƙa ko karatun malami da Hausa, wanda sai jefi-jefi wani baƙo a kurmi zai nema, shi ake fara sharewa. Mai yawan jama'a ya kori mai kaɗan, ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba.

An gwada magani iri-iri. A 2003 masana a Jami'ar Michigan suka kawo Samsara, mai cewa gwargwadon abin da ka ajiye a wurin wani, gwargwadonsa za ka riƙe masa. Sai dai mudu ɗaya ga mai ƙaramar na'ura da mai babban inji ba daidai ba ne. IPFS na 2015 ya ce wanda ke son fayil ya dawwama sai ya kafe shi a tasa kwamfutar, in ba haka ba shara ta kwashe. Filecoin kuma, da ya fara aiki a 2020, ya mai da abin haya, a biya mai wuri ya ajiye, kuma wa'adin ajiyar yakan ƙare ranar da kuɗin suka ƙare.