"Mun ajiye kwafi" ba hujja ba ce

Masu shagunan kwamfuta, daga Kwanar Ɗangora har Doguwa, yaushe rabon da ku gwada dawo da fayil ko ɗaya daga ajiyar nan taku?

A 1998 aka goge kusan duk fim ɗin Toy Story 2 daga sabar Pixar bisa kuskure. Aka ɗauko kaset ɗin ajiya, ashe ya daɗe ba ya ɗauka daidai, ba wanda ya duba. Kwafin da wata ma'aikaciya mai jego take aiki da shi a gida ne ya cece su.

Balle nan, da wuta ke ɗaukewa, netwok ya yanke ana tsakiyar kwafi, fayil ya tafi rabi. Malam, buɗe ka duba yau. Takardun mutane ne fa.